Wai su wane ne 'yan Southern rock, kuma wa ke raba katin shiga?

Ƙanin Kowa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah manya a taimaka mini. Kawuna ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa, sai aka bar mini kwalin kaset-kaset ɗinsa. Wasu ya ɗaure su da roba ya rubuta "Southern rock" da biro a jiki. A cikin ɗaurin akwai Lynyrd Skynyrd, ZZ Top, Creedence Clearwater Revival, har da Don Williams. Na saurare su duka, ni dai ban ji abin da ya haɗa su ba. Wai kiɗan su Brazil da Ajantina ake nufi da Kudun, ko me?

Baba Na Rediyo: Wa'alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa kawunka, da gani mutum ne mai kunne. Ba Brazil ba ce ɗana. Kudancin ƙasar Amurka ita kanta ake nufi, su Jojiya, Fulorida, Alabama, Tenesi da Karolina biyu. Don Williams fitar da shi gefe, wannan kantiri ne tsantsa, mu da muka yi shekaru muna saka shi a shirin dare mun san shi kamar yunwar cikinmu. Creedence ma fitar da su. Saura biyu ke nan, su ma ɗaya akwai magana a kansa.

Mai Jita: Baba, da girman kujerarka, amma a bar Creedence a ɗaurin nan. Duk wanda ya ji "Born on the Bayou" ko "Proud Mary" ya ji fadama da kogin Misisipi da jirgin ruwa. In wannan ba Kudu ba ne, to mene ne?

Baba Na Rediyo: John Fogerty, jagoran Creedence, a Berkeley aka haife shi, a Kalifoniya, tawagar kuma 'yan El Cerrito ce, gefen San Francisco. Lokacin da ya rubuta waƙoƙin nan, daga faifai da finafinai ya san fadamar. Ko ka yi waƙa goma a kan Kogin Kwara ba ka zama Banufe ba.

Mai Jita: To ai shi ke nan Baba, tunda takardar haihuwa za a duba, mu duba ta kowa. Ed King, wanda ya ƙirƙiro kiɗan jitar da ke buɗe waƙar Skynyrd "Sweet Home Alabama", ɗan Kalifoniya ne shi ma. Sauran biyun da suka rubuta ta tare da shi, Ronnie Van Zant da Gary Rossington, 'yan Jacksonville ne a Fulorida. Ko ɗaya babu ɗan Alabama. A Doraville ta jihar Jojiya aka naɗe ta, wanda ya tsara faifan kuwa Al Kooper ne, ɗan New York. Taken Southern rock ke nan fa da kowa ya sani.

Direban Atlanta: Hahaha, yaro ya zo da shirinsa. Baba sai ka gyara zama.

Anti Malama: Ku tsaya ku biyun, kuna gardama a kan rassa ba ku taɓa saiwa ba. Rok ɗin gaba ɗayansa ai daga Kudu ya fito. Elvis Presley a Tupelo ta Misisipi aka haife shi, a Memphis ya fara naɗar waƙa. Little Richard ɗan Macon ta Jojiya ne. Fats Domino ɗan New Orleans, Jerry Lee Lewis ɗan Luwiziyana, Buddy Holly ɗan Teksas. In "wanda ya fito daga Kudu yana kiɗan rok" shi ne ma'anar, to duk waɗannan sun shiga, kuma babu wanda ke kiransu da wannan suna. Shi kansa Gregg Allman, mawaƙin Allman Brothers Band, ya sha nuna cewa sunan maimaici ne, tunda a can aka haifi kiɗan. Ke nan sunan ba wuri kawai yake nunawa ba. Wani zamani yake nunawa, daga 1969 zuwa wajen 1979, da wasu mutane da suka san juna.

Ƙanin Kowa: Anti, me ya faru a 1969?

Baba Na Rediyo: Bari in amsa wannan, don nan ne gonata. A 1969 aka kafa Allman Brothers Band a Jacksonville, suka tattara suka koma Macon. Dalili, a can Phil Walden yake, wanda shi ne manajan Otis Redding har Otis ya rasu a haɗarin jirgi a 1967. Walden ya ji jitar Duane Allman a waƙar da Wilson Pickett ya naɗa a Muscle Shoals ta Alabama, ya neme shi, ya buɗe kamfanin faifai mai suna Capricorn. Kafin nan, sau da yawa yaron Kudu mai son yin suna a rok sai ya tafi New York ko Los Angeles, a can a gyara masa harshe da sutura. Su Duane ma sun gwada Los Angeles ba su ji da daɗi ba suka dawo. Abin da Capricorn ya kawo shi ne ka zauna a gida, ka naɗa a gida, ka yi waƙa da karin harshenka. Marshall Tucker Band daga Spartanburg, Wet Willie daga Mobile, duk nan suka taru. A wurina wannan shi ne gidan. Wanda ya shiga gidan ko ya yi maƙwabtaka da shi, shi ne ɗan gida.

Mai Jita: Amma Skynyrd ba Capricorn suke ba, MCA ne ya fitar da su.

Baba Na Rediyo: Shi ya sa na ce ko maƙwabtaka. Gari ɗaya suka taso, suna kallon su Allman tun suna samari.

Mai Jita: To ni bari in faɗi yadda kunnena ke raba abin, tunda ni da igiyar jita nake kwana. Na farko, jita fiye da ɗaya a gaba. A yawancin tawagogin rok mutum ɗaya ne ke jan gaba, ɗayan yana riƙe masa bugun. Wurin su Allman kuwa Duane da Dickey Betts tare suke tafiya, layi ɗaya muryoyi biyu, kamar tagwaye. Skynyrd suka ƙara suka mai da su uku. Sannan akwai jan igiya da kwalba: Duane ƙaramar kwalbar magani yake sakawa a yatsa yana goga ta a kan igiyoyi, sai jitar ta riƙa kuka kamar muryar mutum. Wannan daga tsofaffin makaɗan buluz ya samo shi. Sai kuma tsawaitawa. A faifan At Fillmore East na 1971, "Whipping Post" ita kaɗai ta cinye fuska guda ta faifai, fiye da minti 20. Masu ganga biyu ne a bayansu. Duk wanda na ji yana da waɗannan, ya haɗa buluz da kantiri da ɗan kiɗan coci, ni na ba shi kati ko daga Kanada ya zo.

Anti Malama: To ka kashe kanka da bakinka ƙanena. Creedence yawancin waƙoƙin da suka yi suna da su minti biyu ne zuwa uku, jita ɗaya a gaba. Da ma'auninka ma ba su shiga ba.

Mai Jita: Anti kin kama ni. Amma a ba su kujerar baƙi mana.

Ɗan Agadas: Salamu alaikum jama'a, yanzu na shigo. Ni gardamar nan ta tuna mini da namu. Turawa suka ji jitar Buzaye suka raɗa mata "buluz ɗin hamada", alhali masu kaɗa ta ba haka suke kiranta ba. Bombino namu na Agadas ya tafi Nashville ya naɗi faifansa Nomad da ya fito a 2013, wanda ya tsara masa kuma ɗan Ohio ne, Dan Auerbach. Shin Bombino ya zama ɗan Southern rock don ya naɗa a Tenesi? Irin sunayen nan masu sayar da faifai ke raɗa su don su san kantar da za su jera kaya.

Baba Na Rediyo: Gaskiyarka maƙwabci, mu ma a ɗakin ajiyar faifai haka muke yi, dole kowane faifai ya samu rami. Amma wannan suna su da kansu wasunsu sun karɓe shi. Charlie Daniels, mai goge irin na Turawa, ya yi waƙa a tsakiyar shekarun 1970, "The South's Gonna Do It", wadda kusan kiran rajista ce. Ya lissafa Marshall Tucker, Skynyrd, Dickey Betts, Wet Willie, Grinderswitch, Elvin Bishop, Barefoot Jerry, da ZZ Top. In kana son sanin su wa 'yan gida suke ɗauka nasu ne a lokacin, ga shi nan daga bakin ɗan gida.

Direban Atlanta: Au Baba, ashe ZZ Top suna ciki? Ba kai ka ce akwai magana a kansu ba?

Baba Na Rediyo: Na faɗa, kuma ban janye ba. Mutum uku ne kacal, jita ɗaya, daga Houston. "La Grange" ta 1973 bugun John Lee Hooker ne aka ƙara wa wuta. Babu kantiri a ciki, babu tagwayen jita. Da suka zo 1983 suka yi Eliminator kuwa, na'ura ce ta cika faifan, kiɗan talabijin ya zama. Charlie Daniels zumunci ya yi musu.

Direban Atlanta: Kuma mutanen Teksas da kansu ba sa son a haɗa su da kowa. Ina bin hanyar nan da tirela, daga Atlanta zuwa Dallas. In ka ce wa ɗan Teksas shi ɗan Kudu ne, sai ya ce maka shi ɗan Teksas ne. Kamar ka ce wa Basakkwace Bakano.

Anti Malama: Amma a tarihi Teksas tana cikin jihohi 11 da suka ɓalle a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865. Ba ta da mafita.

Mai Jita: Abin da ya fi ba ni dariya a ZZ Top, biyu gemu har ƙirji, na ukun da ba ya barin gemu shi ne sunansa Frank Beard, wato gemu.

Ƙanin Kowa: Wallahi na ga hoton a jikin kaset, na ɗauka malamai ne.

Anti Malama: Tunda an taɓo yaƙin basasa, akwai abin da kuke ta kewayewa. Tuta. Ƙanin Kowa, duba kaset ɗin Skynyrd ko hotunansu a intanet, za ka ga jar tuta mai shuɗin gicciye da taurari. Tutar yaƙi ce ta rundunar jihohin da suka ɗauki makami don kada a hana su mallakar bayi. Skynyrd sun yi shekaru suna rataya ta a bayan dandamali. Ni ina son kiɗan, amma ba zan yi kamar ban ga wannan ba. Kuma ina ganin da yawa daga cikin masu tsananta wa a kan wa ya cancanta wa bai cancanta ba, ba jita suke ƙirgawa ba. Samari farare masu dogon gashi 'yan ƙauyen Kudu suke nufi, ko ba su faɗa ba.

Direban Atlanta: Anti, nan kin zo inda nake zaune. Shekarata ta farko a tuƙi na tsaya shan mai a wani ƙauye a Alabama da tsakar dare. Wata a-kori-kura ta tsaya kusa da ni, tutar nan a bayanta, waƙar "Sweet Home Alabama" tana tashi. Wallahi ban gama cika tanki ba na ja motata. Babu wanda ya ce mini komai, mai yiwuwa ma mutumin kirki ne. Amma jikina ya ba ni. Abin mamaki kuma, abokin aikina baƙar fata haifaffen Birmingham, in waƙar ta zo a rediyo ƙara murya yake yi yana bi. Na tambaye shi, ya ce jiharsa ce shi ma, ba zai bar musu ba.

Mai Jita: Ai waƙar martani ce ga Neil Young, ɗan Kanada, da ya yi waƙoƙi biyu a 1970 da 1972 yana caccakar Kudu a kan bauta da wariya. Su kuma suka ce kada a yi musu kuɗin goro. Kuma ba gaba ce ta gaske ba, Ronnie Van Zant rigar Neil Young ce a jikinsa a hoton faifansu Street Survivors. Shi ma Neil Young daga baya ya amsa cewa waƙarsa ta biyun ta cancanci martanin.

Anti Malama: Na sani. Na kuma san wurin da aka ambaci gwamna a waƙar, wato George Wallace na Alabama, mai kare wariya, akwai muryoyin ihun ƙi da suka biyo baya, har yau ana gardamar me suke nufi. Na san Ronnie ya yi "Saturday Night Special" yana sukar ƙananan bindigogi, abin da ba kowane ɗan Kudu zai yi ba. Mata baƙaƙe ne ma suka yi amshi a waƙar Alabama ɗin, Merry Clayton da Clydie King, kuma Merry ta faɗa cewa da farko ba ta so yi ba. Duk na yarda. Amma tuta tuta ce. Tom Petty ya rataya ta a rangadinsa na 1985, a 2015 ya fito ya ce wauta ya yi. Wannan ya fi mini dogon bayani.

Mai Kula Da Zaure: A ci gaba, amma a yi hattara kada mu koma siyasar Amurka. Ranar nan sai da na goge saƙo arba'in.

Baba Na Rediyo: Malama, ba zan musa miki ba, amma ki bar ni in kare gidan Macon. Su Allman tun ranar farko akwai baƙar fata a cikinsu, Jaimoe, ɗaya daga masu ganga, wanda ya taɓa yi wa Otis Redding kiɗa. Shi Duane ya fara ɗauka ma. Ki tuna 1969 ce, a Jojiya, shekara biyar kacal bayan dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a. Farare biyar masu gashi har kafaɗa da baƙi ɗaya suna yawo a mota ɗaya, ba ƙaramin abu ba ne. Jaimoe ne ya riƙa kunna musu makaɗan jaz Miles Davis da John Coltrane, daga nan tsawaitawar da Mai Jita ke magana ta samo asali. Da Berry Oakley ya rasu, wanda ya gaje shi a babbar jita, Lamar Williams, shi ma baƙi ne. "Statesboro Blues" da suke buɗe wasa da ita ta Blind Willie McTell ce, makahon mawaƙi baƙar fata ɗan Jojiya, tun 1928. Kuma su ne suka yi wa Jimmy Carter wasannin tara kuɗi lokacin da yake neman shugabanci, sa'ad da ba kowa ya san shi ba a wajen Jojiya. Carter ɗin da ya zo Legas a 1978, ina wurin aiki ranar. To in aka ce Southern rock kiɗan masu tuta ne, an zalunci waɗanda suka assasa shi.

Anti Malama: Baba, ai maganata ka ƙarfafa. Suna ɗaya ya rufe abu biyu mabambanta. Su Allman buluz ne da jaz, rabin ransu a wurin baƙaƙen makaɗa. Skynyrd kuwa in ka saurara da kyau Turawan Ingila za ka ji, su Free da Cream da Rolling Stones, aka zuba musu karin harshen Fulorida. Rangadin da ya fito da su duniya ma a 1973 The Who suka bi suna buɗe musu wasa. Marshall Tucker kuma sarewa ce a gaba da kantiri. Charlie Daniels goge. Ka ga in da kunne kaɗai za a bi, su kansu 'yan rajistar ba za su zauna a ɗaki ɗaya ba.

Ɗan Agadas: To ashe zumunta ce ba kiɗa ba.

Mai Jita: A'a, kada mu wuce gona da iri. Akwai abin da ake ji. Sassaucin bugun nan, ganga tana ɗan jinkiri kamar mai tafiya cikin zafin rana, da fiyano irin na coci ko na mashaya, da muryar da ba ta ɓoye garinsu ba. Saka mini Molly Hatchet ko Outlaws ko Blackfoot ido rufe, zan gaya maka daga inda suka fito.

Direban Atlanta: Wai me ke cikin ruwan Jacksonville ne? Allman, Skynyrd, Molly Hatchet, Blackfoot, 38 Special, duk gari ɗaya.

Baba Na Rediyo: Gida ɗaya ma wani lokacin. 38 Special ƙanin Ronnie ne ke ciki, Donnie. Da Skynyrd suka dawo a 1987 autansu Johnny ne ya karɓi waƙa. Amma 38 Special ɗin, zuwa 1981 sun koma kiɗan rediyo mai santsi, in ba don sunan gidansu ba da babu mai saka su a wannan layi.

Ƙanin Kowa: Baba ka ce "da suka dawo". Ina suka je?

Baba Na Rediyo: Kai ɗana, wannan kiɗa mutuwa ta bi shi. Duane Allman ya faɗi a babur a Macon ranar 29 ga Oktoba 1971, yana da shekara 24, watanni kaɗan bayan faifan da ya ɗaga su. Shekara guda bayan haka Berry Oakley shi ma babur, 'yan layuka kaɗan daga wurin, shi ma yana 24. Kabarinsu na jere a maƙabartar Rose Hill. Sai ranar 20 ga Oktoba 1977 jirgin da Skynyrd suka yi haya mai ya ƙare masa, ya faɗa daji kusa da Gillsburg a Misisipi. Ronnie ya rasu, da Steve Gaines mai jita, da yayarsa Cassie mai amshi, da wasu mutum uku. Kwana uku ke nan da fitowar faifansu, wanda hoton jikinsa ya nuna su tsaye cikin wuta, sai da kamfani ya canza hoton. A 1979 Capricorn ya karye. Shi ya sa Malama ta ce 1979, kuma a nan na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Abin da ya zo bayan nan jikoki ne.

Mai Jita: To a nan za mu sake rabuwa Baba. Jikan gida ba ɗan gida ba ne? Black Crowes daga Jojiya, 1990, waƙar Otis Redding ce ma ta fito da su. Derek Trucks, ɗan ɗan'uwan Butch Trucks mai gangar su Allman, yau babu mai jan kwalba kamarsa. Blackberry Smoke a Atlanta har yanzu suna cika fili. Drive-By Truckers kuwa a 2001 faifai biyu cur suka yi mai suna Southern Rock Opera, a kan Skynyrd da Wallace da duk abin da Anti ke faɗa, na yadda mutum zai so garinsu kuma ya ji kunyar tarihinsa. Jagoransu Patterson Hood ɗan David Hood ne, mai babbar jita a Muscle Shoals. Wa ya fi wannan gado?

Baba Na Rediyo: Waɗannan na karɓa. Sun san kakanninsu, suna kai gaisuwa.

Anti Malama: To ga gwaji. Alabama Shakes, daga Athens ta Alabama, faifansu na farko 2012. Jita, buluz, kiɗan coci, muryar Brittany Howard kamar za ta tsaga rufi. Duk sharuɗɗanku sun cika, har da takardar haihuwa da Baba ke nema. Me ya sa in ana lissafi ba a cika fara tunawa da su ba, sai a tura su layin kiɗan soul? Ko Mother's Finest na Atlanta, tun shekarun 1970 suna rok mai nauyi da mawaƙa baƙaƙe a gaba, suna hawa dandamali ɗaya da waɗannan mutane. Su ma shiru.

Direban Atlanta: Hmm.

Mai Jita: Ni na saka Alabama Shakes, ba ja. Mother's Finest kuwa fonk ya fi yawa.

Anti Malama: Wet Willie ma fonk da soul ne ya fi yawa, amma Baba ya lissafa su ba tare da ya yi tari ba.

Baba Na Rediyo: Yarinyar nan ba ta da dama. To Wet Willie Capricorn suke, hujjata ke nan, amma na ji abin da kike nufi kuma ba ni da amsar da za ta gamsar da ke.

Ɗan Agadas: Ni tambayata R.E.M. Na ga an ce 'yan Jojiya ne.

Direban Atlanta: Athens ta Jojiya, garin jami'a, awa ɗaya da 'yan mintoci daga gidana. Amma ko kusa. Waɗannan yaran makaranta ne da suka taso a 1980 suna gudun duk abin da ya yi kama da Skynyrd. A nan in ka kira su Southern rock dariya za a yi maka.

Mai Jita: Tom Petty fa? Gainesville, Fulorida. Har faifai ya yi mai suna Southern Accents.

Baba Na Rediyo: Ya bar gida ya koma Los Angeles tun 1974, kiɗansa kuma na Byrds ne. Ɗan Kudu ne mai kiɗan rok, ba ɗan rok ɗin Kudu ba.

Mai Jita: To The Band? Huɗu 'yan Kanada, amma Levon Helm ɗan Arkansas ne, kuma babu wanda ya rera ciwon Kudu bayan yaƙi kamar yadda ya rera shi a 1969. Little Feat ma 'yan Los Angeles ne amma "Dixie Chicken" ta fi wasu 'yan gida ƙamshin New Orleans.

Baba Na Rediyo: Duk ka haɗa su da Creedence ɗinka a kujerar baƙi. A kawo musu ruwa da goro, amma ba a raba gado da su.

Anti Malama: Ka ga Baba, ɗazu ka kori Fogerty don wurin haihuwa, ka kori Petty duk da wurin haihuwa, ka karɓi Ed King duk da wurin haihuwa. Elvin Bishop da ke cikin rajistar Charlie Daniels ma a Kalifoniya aka haife shi, a Oklahoma ya girma, a Chicago ya koyi buluz.

Baba Na Rediyo: Ed King kamar wanda aure ya kawo shi gidan ne, Bishop kuma haya ya kama a Capricorn. Fogerty ko ziyara bai kawo gidan ba a lokacin. Ai ko a unguwa haka ake sanin ɗan gari, ba da takarda ba.

Ƙanin Kowa: Na gode ƙwarai manya, Allah Ya ƙara girma. Ga abin da na yi: na bar Skynyrd a ɗaurin, na bar ZZ Top saboda Charlie Daniels, na sa Creedence a bayan roba amma a jingine da su, Don Williams na kai wa mahaifiyata don ta ce nata ne tun asali kawu ya ara bai mayar ba. Zan nemo At Fillmore East. Sai dai yanzu na ga wani a ƙasan kwalin, robar ta tsinke ban san ko cikin ɗaurin yake ba. An rubuta Eagles.

Direban Atlanta: Kalifoniya. Fitar.

Mai Jita: A tsaya tukuna. Don Henley ɗan Teksas ne, Don Felder kuma ɗan Gainesville, garin su Tom Petty, kuma suna da jita uku.

Baba Na Rediyo: An kira Isha'i a unguwarmu. Malama, na bar miki shi.